Gabas Ɗin da Na Kai Aljeriya

Duk ƙasar Kankia da Kusada, in ka ga kwandon dish a kan rufi yana kawo hoto tar kamar ka miƙa hannu ka gaisa da mai karanta labarai, to aikina ne. In ka ga wanda hotonsa ke yayyagewa, wannan na masu kwaikwayona ne. Ni ne Sabi'u Injiniya. Ban taɓa zama a ajin injiniyoyi ba, amma rufin da na hau ya fi gashin kaina yawa, kuma a lokacin ina da gashi. Ba na amfani da na'urar neman sigina. In lashi yatsa, in ɗaga sama, in ce wa mai gida ya kunna. Har ana cewa na taɓa kamo wa wani mutumin Rimaye tashar Makka da murfin tukunya. Ban ce gaskiya ne ba, ban kuma taɓa ƙaryatawa ba.

Akwai maganar da na shekara da shekaru ina faɗa a teburin mai shayi: a ɗaure mani ido, a jefa ni ko'ina a duniya, in dai akwai dish a garin, zan nuna maka alƙibla. Dalili kuwa, duk kwandon da na taɓa ɗaurawa gabas yake duba. Ka tsaya a bayansa, ka ɗan karkata hagu, ka kabbara sallarka. Baƙin direbobi da yawa sun yi salla a kan wannan ilimi nawa, kuma babu wanda ya dawo da ƙorafi.

Mutum ɗaya ne zancena bai taɓa ba dariya ba: Malam Ilu na Dudunni, yayan matata Hajara, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Magini ne, gwanin filasta, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwarsu. Lokacin da na je neman aure cewa ya yi bai san sana'ar da ake leƙa tsakar gidan mutane daga sama ba. Ya dai ba ni ita, don ta nace. Amma duk duniya na ce mani Injiniya, shi kaɗai ke cewa "Sabi'u", da irin muryar da ake kiran akuyar da ta shiga gonar wake. Ba zan ɓoye maku ba, da za a ce in zaɓa tsakanin sabon babur da Malam ya kira ni Injiniya sau ɗaya, da na yi tunani mai tsawo.

Da wayoyin hannu suka cika gari, sana'a ta yi sanyi. Samari suka koma kallon ƙwallo a tafin hannu, yaran da na koya wa aiki suka riƙa ɗaura dish a kan farantin shinkafa da wake. Ana cikin haka aka yi wa Malam hanyar aikin filasta a Wahran, can bakin teku a ƙasar Aljeriya, yana neman masu kwaɓa mashi siminti. Ya ɗauki Lawwali Rimaye, wani siririn mutum mai bakin reza. Ni kuma Hajara ce ta roƙar mani. Na cusa dikodata da rimot da sufana a tsakiyar kaya, ina cewa a raina: mako ɗaya zan ɗauki kwanon siminti, daga nan Larabawa su gano wanda ya shigo masu ƙasa.

A Agadas aka fara aske ni. Wani mai rumfar waya, mai rawani har hanci, ya sayar mani da sim da ya rantse yana aiki daga nan har bakin teku, har ma cikin tekun in mutum ya iya iyo. Ya ce an loda mashi datar da jikokina za su gada. Na gwada, ya yi. Na yi wa Hajara kiran bidiyo, na nuna mata raƙuma, na ce daga yau kullum za ta riƙa ganin fuskata har ta gaji. Na sa Lawwali ma ya saya. Malam ya ce shi 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila ta ishe shi.

Muna wuce Arlit sandunan sigina suka fara zubewa ɗaya-ɗaya kamar haƙoran tsoho. Kafin mu tsallaka iyaka babu ko ɗaya. Na tsaya a bayan mota, wani na riƙe da ƙafata, na ɗaga waya sama har hammatata ta yi tsami. Babu abin da na kamo sai yashi a baki.

"Injiniya, lashi yatsa mana," in ji Lawwali.

A Taman, garin farko babba a cikin ƙasarsu, na je in sayi sim na can. A Kankia ko mai rake ka tambaya zai haɗa ka da mai sim. Nan kuwa sai fasfo mai hatimin shiga, mu kuma ta inda muka shigo babu mai buga hatimi sai ƙadangare. Wani ɗan Maraɗi da ya daɗe a garin ya ara mana wayarsa muka shaida wa gida mun tsallake lafiya. Ya ba mu shayi da burodi mai tsawon sandar makiyayi, ya ce mu yi hattara da kame, kuma duk abin da ba mu sani ba mu tambaya. Na ce mashi ya kwantar da hankalinsa, suna tare da ni.

Daga nan aka zuba mu a wata mota rufaffiya wadda ba ta da taga, muka yi ta tafiya arewa. Mun juya dama, mun juya hagu, mun hau, mun gangara, har na daina sanin inda ƙeyata take. Da aka buɗe ƙofa muna Wahran, da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga wani sanyi da ban san Allah ya halicci irinsa ba. Sanyin da in ka yi magana sai ka ga maganar tana fita daga bakinka tana hayaƙi.

Ginin da za mu yi wa filasta dogon bene ne da ba a gama ba, a bayan gari, wasu benaye sun kewaye shi. Mai kula da aikin ya nuna mana ɗakin ƙasa inda za mu kwana, ya nuna bakin titi, ya haɗa hannayensa biyu kamar an sa masu ankwa. Mun gane. Ba fita. Shi zai riƙa kawo mana burodi da taliya da gwangwanin kifi. Muka tarar da wasu Zabarmawa biyu da su ma jiya-jiya aka sauke su, ba su san komai ba.

Da na hau hawa na uku, inda bango ɗaya ba a gina ba, sai da na riƙe ginshiƙi. Dish! Kowace taga da dish, kowace baranda da biyu, wani rufin kamar an shanya faya-fayai bayan biki. Mu a Kankia unguwa guda kan taru a gidan kallo ɗaya, ana zuba wa janareto mai ana addu'a kada ya mutu kafin a tashi wasa. Su kuwa kowane ɗaki da talabijin ɗinsa, kuma wuta ba ta ɗaukewa. Na yi kwanaki ina jiran a ɗauke wutar nan don in ji yadda Larabawa ke yin tsaki. Ba a ɗauke ba.

Lokacin azahar ya yi. Kiran salla na zuwa daga dama, daga hagu, daga baya, yana bugun benaye yana dawowa. Sama a rufe ruf. Mai kula da aiki ya tafi. Na buɗe manhajar alƙibla a wayata, ta yi ta juyi tana neman intanet kamar kazar da aka yanke. Malam ya tsaya da buhun siminti a hannu, wanda zai shimfiɗa, ya duba nan, ya duba can. Tunda nake ban taɓa ganin Malam Ilu bai san abin yi ba sai ranar.

Na gyara murya.

"Malam, ga gabas nan."

"Da mi ka sani?"

"Dubi kwandunan can. Duk wuri ɗaya suka fuskanta. Tauraron ɗan'adam ba ya ƙaura, Malam. Inda yake a Kankia nan yake a nan. A tsaya a bayansu, a ɗan karkata hagu."

Ya daɗe yana kallon kwandunan. Ɗaruruwa ne, kuma babu wanda ya saɓa wa ɗan'uwansa, kamar sahun Idi. Sannan ya shimfiɗa buhunsa.

"To," ya ce. "Kowa da ranarsa. Allah ya yi maka albarka, Injiniya."

Jama'a, na ji wannan kalma har cikin ɓargona. Sallar nan ban san surar da na karanta ba. Ina ruku'u ina murmushi.

Haka muka zauna. Aiki daga safe zuwa yamma, hannu ya tsattsage, siminti ya cinye yatsu. Taliya safe, taliya rana, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka yana bi na da gudu ina tsayawa don ya kamo ni. Ba labarin gida. Na san Hajara na can tana duba waya, ni da na ce za ta gaji da fuskata. Abin da ya rage mani na taƙama shi ne dikodata. Mai kula da aiki ya kawo mana wata tsohuwar talabijin, na tsinci wani yasasshen kwando a rufi, na ce yau za a ji Hausa a Wahran. Na saita shi daidai inda na maƙwabta suka duba. Babu komai. Na juya, na ɗaga, na sauke, na lashi yatsa har ya yi fari. Allon nan baƙi ƙirin.

Mai hankali a nan zai tsaya ya ce: in dai tauraron da na sani ne a can, don me bai san ni ba? Ni kuwa cewa na yi sanyi ne ya kama dikodar. Na cire ta na saka wata 'yar akwatin da ta zo da talabijin ɗin, sai ga tashoshi sun fi ɗari, duk kyauta, duk Larabci da Faransanci. Muka riƙa kallon ƙwallo mai sharhi na ihu kamar an taka mashi ƙafa, muka riƙa kallon mata na dafa abincin da ba za mu ci ba. Lawwali ya ce wannan ai azaba ce, a mayar da baƙin allon.

Da aka kwana biyu rana ta fara leƙowa. Ranar can ba irin tamu ba ce mai hawa tsakiyar ka. Ta fito daga bayan benaye, ta bi ta gefe a sunkuye kamar mai jin kunyar surukai, ta faɗa bayan wasu benayen. Wata azahar bayan sallama Malam ya kira ni gefe.

"Injiniya, wani abu na damuna. A gida in ana azahar rana na bisa kai ko ta ɗan koma baya. Nan kuwa a idona take. La'asar ma tana gabana ta dama."

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma wanda aka kira Injiniya ba ya cewa bai sani ba.

"Malam, ai nan saman duniya muke. Rana ba ta iya hawa, sanyi ke danne ta. Nan gabas take wuni tana zagaye, sai bazara take samun ƙarfin tsallakawa."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ikon Allah. Tahiya mabuɗin ilimi."

Akwai wata tsohuwa a benen da ke fuskantar inda muke salla. Kullum tana baranda cikin farin mayafi tana shanya. Kowace Juma'a takan aiko mijinta da babban akushi na kuskus da nama da kabewa, ya ajiye a bakin ƙofar gini, ya ɗaga mana hannu, ya koma. Al'adarsu ce, ba sa cin na Juma'a su manta da leburori. Ranar farko da na ci, sai da na juya baya don kada Lawwali ya ga idona.

To tsohuwar nan, duk lokacin da muka tayar da salla sai ta hau ɗaga hannu tana magana, tana nuna mu, tana nuna wani gefe. Lawwali ya ce ko korarmu take yi. Na ce wa ya taɓa korar mutum da kuskus? Na duba inda take nunawa, sai na ga ai wajen kwandonta ne, wanda ya ɗan sunkuya.

"Labari ya kai mata," na ce. "Dish ɗinta take so a gyara. Na gaya maku zinariya ba ta ɓuya."

Na yi ta ɗaga mata hannu ina nuna mata alamar ta yi haƙuri, ina nan zuwa. Muka yi kusan wata biyu a haka, tana nuni ina ba ta haƙuri.

Wata Laraba da aiki ya yi sauƙi na wanke ƙafa, na ɗauki sufana, na leƙa titi dama da hagu, na tsallaka da gudu. Mijin ya buɗe ƙofa. Sunansa Ammi Bashir, gajere, mai farin gashin baki. Na nuna sufana, na nuna baranda. Ya dube ni, ya dubi matarsa, ta yi mashi wata doguwar magana. Sai ya kama hannuna ya kai ni falo, ya zaunar da ni, aka kawo gahawa da wani abu mai zuma. Na ce a raina, ka ga mutanen da suka san darajar ma'aikaci.

Ina kurɓa ya ɗauko darduma ya shimfiɗa a tsakiyar falo. Ya nuna inda ta fuskanta, ya ce, "Ƙibla." Ya ja ni baranda, ya nuna hawa na uku na gininmu, inda buhunanmu biyar ke shimfiɗe a jere, ya nuna inda suka fuskanta, ya kaɗa yatsa. Ya sake nuna gefen da buhunan suka fuskanta, ya ce, "Nijar. Mali." Ya yi dariya har da tari.

Na ce a'a. Na nuna mashi kwanduna. Ni da Larabcina na Fatiha da Faransancina na tashar Maraɗi, na tsaya ina yi wa mutum gardamar gabas a cikin falonsa. Bai ja da ni ba. Ya karɓi wayata, ya danna mata lambobin waifai na gidansa, irin intanet ɗin da ke zuwa masu ta waya a bango, ba a loda kati, ba ya ƙarewa. Ya miƙo mani.

Wayar nan ta ɗauki rawa kamar mai aljanu. Saƙonnin wata biyu suka yi ta faɗowa. Na buɗe manhajar alƙibla, kibiya ta juya ta tsaya cak a kan dardumar Ammi Bashir. Kwandunan garin kudu suke duba. Taurarinsu daban, namu daban, shi ya sa dikodata ta ƙi magana. Wata biyu na jera limamin Dudunni da mutum uku muna fuskantar hanyar da muka fito. Lawwali ya ce daga baya, wai ashe Kankia muke yi wa salla.

Na danna saƙon Hajara na ƙarshe don in samu abin da zan yi da fuskata. Muryarta ta fito a falon mutane: "Baban Ummi, shiru. Ko dai lahiya? Na kira wanda ya ara maku waya, ya ce kun wuce. Don Allah ka kula da Yaya, ka san bai saba tahiya ba. Na gaya wa kowa tunda yana tare da kai ba zai ɓata ba."

Tsohuwa ta ƙaro mani gahawa. Ta dafa kanta, ta yi mani wata magana mai taushi wadda na fahimci ma'anarta ba tare da na san kalma ɗaya ba: ba komai, ɗana, je ka gyara.

Tsallaka titin nan na dawowa ya fi mani Sahara tsawo. Matambayi ba ya ɓata, haka ne, amma ni matsalata ba tambaya ba ce yanzu, faɗa ce. In je in tsaya gaban Malam in ce mashi me? Na tarar da shi a kan katako yana shafa filasta.

"Injiniya, an gyara?"

"An gyara, Malam."

A nan shaiɗan ya kawo mani shawara irin ta masu sana'ata. Ai dish ba a fizgarsa, kaɗan-kaɗan ake juya shi har hoto ya fito. Ni ke shimfiɗa buhunan salla. In kowace salla na karkata su hagu da faɗin tafin hannu biyu, kafin mako ya zagayo mun isa gabas, babu wanda ya sani, sunana na nan.

La'asar na juya kaɗan. Magariba na ƙara. Washegari na yi ta ƙarawa. Sallolin nan ban ji daɗin ko ɗaya ba, ina tsaye a bayan Malam, shi yana karatu da zuciya ɗaya, ni ina auna kwana da gefen ido. Ranar Alhamis da la'asar Lawwali ya ce, "Wai ni kaɗai nake gani, ko ginshiƙin nan tafiya yake? Da yana gaban Malam, yanzu ya koma damansa." Na ce ai gini sabo yakan zauna.

Juma'a da azahar mun shimfiɗa, mun kai kamar rabin hanya, ba mu kudu ba mu gabas. Malam na shirin kabbara sai muka ji takun mutum a matakala. Ammi Bashir ne da akushin kuskus. Yau bai ajiye a ƙofa ba, ya hawo ya ga yadda gyara ya yi kyau. Ya tsaya, ya dubi buhuna, ya dube ni. Ya ajiye akushi. Ya je ya kama kafaɗun Malam da hannu biyu, cikin girmamawa, ya juya shi gaba ɗaya zuwa hagu, ya ce, "Ƙibla, ya shaikh." Sannan ya juyo gare ni ya yi magana a hankali, da Larabcin littafi, ba irin nasu na kasuwa ba. Ni ban ji ba. Malam ya ji.

Malam ya ja buhunsa, muka ja namu, ya tayar da salla, Ammi Bashir ya shiga sahu kusa da ni. Bayan sallama aka yi musabaha, Malam da tsohon suka ɗan taɓa hira, tsohon ya sauka. Lawwali ya buɗe baki, Malam ya ɗaga mashi hannu, ya rufe. Wannan kaɗai ya isa a rubuta a tarihi.

"Sabi'u."

Sunan ya dawo.

"Dattijon nan ya ce tun shekaranjiya ya nuna maka."

"Haka ne, Malam."

"Shi ne kake juya mu kaɗan-kaɗan."

"Na ga kamar in an bi a hankali..."

"Mu kwanduna ne?"

Na sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma muna hawa na uku, kuma ni na kwaɓa simintin, na san ba zai tsage ba.

"Na wata biyun nan ba su dame ni ba," ya ce. "Mun yi iyakar ƙoƙarinmu ba mu sani ba, Allah ba ya kama bawa da wannan. Ni ma na ga rana, na bar ka ka rufe mani baki, laifina ne. Amma daga la'asar ɗin Laraba zuwa yau, kai ka sani. Tashi ka yi alwala ka rama naka, mu ma za mu sake namu. Kuskus ɗin zai jira ka, in Lawwali ya bari."

Bai bari ba.

Mun ƙara watanni a Wahran. Ammi Bashir ya matso da akwatin waifai ɗinsa kusa da taga, in ka tsaya a ƙarshen hawa na uku ka miƙa hannu waje kana samun sanda ɗaya. A nan muka riƙa jin muryar gida. A nan Malam, wanda ya ce wayar tocila ta ishe shi, ya ga jikarsa sabuwar haihuwa a wayata, ya yi ta share ido yana cewa ƙurar siminti ce. Na kuma gyara wa tsohuwa kwandonta a ƙarshe, don da gaske ya sunkuya. Shi ne dish ɗaya tak da na gyara wa wani a ƙasar Aljeriya. Da aiki ya ƙare, kame kuma ya yi zafi, muka tattaro muka dawo.

Abin da ya ba ni mamaki, Malam bai gaya wa kowa ba. Ya kuma ja wa Lawwali kunne, har Rimaye ba a ji ba. Na jira wata ɗaya, biyu, shiru. To kun san hali. Wuyana ya fara komawa yadda yake. A teburin mai shayi na fara da cewa ƙasar Larabawa sai mai ilimi. Daga nan na ce ni na haɗa su da intanet. Kafin damina ta faɗi labarin ya zama cewa ba don ni ba da har yau ba su san inda gabas take ba.

Ranar sunan ɗan ƙanen Hajara muka je Dudunni. An cika zauren Malam, an ci waina, ana jiran azahar, wani ya ce Injiniya a ba mu labarin Aljeriya. Na duba, Malam na can gefe yana jan carbi ido a rufe. Na ce a raina barci yake. Na gyara zama na fara, na kai daidai inda aka sauke mu cikin ruwa, sama a rufe, kowa ya rasa alƙibla, sai ni na ɗaga ido na dubi kwanduna.

Ladan ya kira salla. Na miƙe da hanzari na ɗauki tabarmar liman zan shimfiɗa, don a ga ni na gida ne. Malam ya buɗe ido. Ya leƙa ta ƙofar cikin gida, inda mata ke zaune, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Hajara, zo ki nuna wa mijinki gabas, ni zan tahi in yi alwala."